Ku Tambayi Malam: Babbar Jami'a ko Ƙarama?

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da sakamakon JAMB ya fito, kusan duk wasiƙun da suka iso wannan fili a kan magana ɗaya suke: wace jami'a za a zaɓa, kuma yaya zaman yaro zai kasance in ya je. Na tsamo biyar daga ciki. Wasu na rage musu tsawo saboda wuri, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Wannan ne karo na biyu da na rubuta JAMB. Bara na sa ABU Zariya, kimiyyar kwamfuta, na ci 203, har aka rufe ɗaukar ɗalibai sunana bai fito ba. Bana na ci 211, na sake sa ABU. Mahaifina ya ce in canza zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutse tunda ga ta nan kusa da mu. Ni kuwa gaskiya raina bai kwanta ba. Abokaina biyu suna Samaru, inda ABU take, in sun dawo hutu suna ba da labari sai in ji an bar ni a baya. Kuma ana cewa wajen neman aiki sunan jami'a ake dubawa. Me za ka ce mini?
— Wani matashi daga Birnin Kudu

AMSA: Ɗana, ba zan raina abin da ke ranka ba. ABU tun 1962 take, kuma da wuya ka shiga wata ma'aikata a Arewa ba ka tarar da wanda ya sha ruwan Samaru ba. Yaron da ya tashi yana jin wannan suna a bakin malamansa dole ya yi sha'awar zuwa. Duk da haka, a wannan magana ina bayan mahaifinka.

Mu fara da abin da ya hana ka shiga bara. Maki 211 cikin 400 ba faɗuwa ba ce. Abin da ya kamata ka gane shi ne, mafi ƙarancin makin da ake sanarwa ba ya ba kowa kujera, damar shiga layi kawai yake bayarwa. Takararka da sauran yaran da suka sa wannan kwas a wannan jami'a ce, kuma kowane sashe yana da adadin da aka yarje masa ya ɗauka. A jami'o'in tarayya kashi uku ake raba guraben: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suka fito, 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa cewa an bar su a baya a ilimin boko. Jigawa na cikin wannan lissafi, amma Kano ma na ciki, da Katsina da Zamfara da Bauci, kuma yaransu duk Zariya suke hari. Kimiyyar kwamfuta kuwa yanzu ta bi sahun likitanci da lauya da aikin jinya wajen cunkoso. A Dutse kai ɗan gida ne, masu neman kujerar kuma ba su kai na Zariya yawa ba. Makin da ya tsayar da kai a bakin ƙofa a can yana iya shigar da kai a nan.

Don irinka ma aka kafa ta. A 2011 gwamnatin Jonathan ta buɗe jami'o'in tarayya tara a jihohin da ba su da ko ɗaya. Shida daga ciki a Arewa suke: Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Lafiya, Lokoja da Wukari. A 2013 aka ƙara Gashuwa da Gusau da Birnin Kebbi. Duk sun haura shekara goma, sun yaye ɗalibai rukuni-rukuni, waɗanda suka fita suna aiki, wasu ma sun dawo suna koyarwa. Zamanin da ake ce musu makarantun gwaji ya wuce.

Ka kuma lissafa shekaru. Ɗaya ta riga ta tafi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, kuma babu mai ba ka tabbacin ba za a sake ba. Wanda ya gama digiri bayan ya haura 30 ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa kan sa iyakar shekaru a tallar ɗaukar sababbin ma'aikata. Zaman jiran suna yana da tsada, ko da a gidanku kake ci kana sha.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji, don na koyar a babbar jami'a na kuma koyar a ƙarama. A babbar, lakcar aji ɗaya a babban zaure ake yin ta, wasu a zaune, wasu a tsaye, wasu a jikin taga suna leƙe. In lasifika ta mutu, na baya sai dai su kwafi littafin na gaba. Na sha sa hannu a sakamakon ɗalibin da ko a hanya muka haɗu ba zan gane shi ba, lambarsa kawai na sani. A ƙaramar kuwa, kafin tsakiyar zango na haddace sunayen 'yan ajina. In yaro ya yi fashin lakca biyu a jere ina lura, in aika a kira shi. Ta haka na gano wanda zazzaɓi ya kwantar a ɗaki ba mai kula da shi, da wanda kuɗin rajista ya gagara yana shirin tattara kayansa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ranar da ɗalibi ya zo neman takardar shaida don neman tallafin ƙaro karatu, na rubuta abin da na gani da idona a kansa. Masu tantance irin waɗannan takardu suna bambance wadda aka rubuta da sani da wadda aka cike don sauke nauyi. Wannan kusanci shi ne babban arzikin ƙaramar jami'a, kuma yara da yawa sai sun fita suke gane darajarsa.

Ba zan ɓoye maka raunin ba. Sababbin jami'o'i kan yi fama da ƙarancin manyan malamai. Wasu darussan malaman aro ne ke zuwa daga wata jami'a su koyar, wani lokaci su dunƙule karatun makonni cikin kwanaki kaɗan su koma. Laburare bai kai na tsofaffin ba. Ƙaramin gari kuma ba shi da kamfanonin da za ka yi SIWES, wato watannin sanin makamar aiki, sai ka nemi Kano ko Kaduna ko Abuja. Sai dai waɗannan abubuwa daga sashe zuwa sashe suke bambanta, ko a jami'a ɗaya. Akwai sashe mai ƙarfi a ƙaramar jami'a, akwai kuma wanda ya lalace a cikin babba yana fakewa da sunan gidan. Mai sayen rago ba sunan mai garke yake tambaya ba, taɓa ragon yake yi.

To ka je ka taɓa. Daga Birnin Kudu zuwa Dutse ka je da hantsi ka dawo kafin la'asar. Ka nemi sashen, ka tambaya ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta tantance kwas ɗin, da irin shaidar da ta bayar. Cikakkiya ta shekara biyar ce, ta wucin gadi ta shekara biyu, wanda aka hana kuwa ba a yarda ya ɗauki sababbin ɗalibai ba. Sannan ka nemi 'yan aji uku, kada ka tsaya kan 'yan aji ɗaya da har yanzu ɗoki bai sake su ba. Ka tambaye su malamai nawa ne na dindindin, ana buɗe ɗakin kwamfuta a bar su su zauna ko sai ranar da baƙi za su zo, akwai wuta da intanet a ciki, ana fitar da sakamako kafin a shiga wani zango, a ina 'yan gabansu suka yi SIWES. In amsoshin sun gamsar da kai, ka canza ba tare da waiwaye ba.

Batun suna a wajen neman aiki kuwa, yana buɗe hira, ban musa ba. Mai ɗaukar aiki da ya yi ABU zai yi murmushi in ya ga ɗan makarantarsu. Amma a fanninka za a ajiye maka kwamfuta ne a ce rubuta mu gani. Matakin digirinka da abin da hannunka ya iya su ne za su yi magana.

In za ka canza, ka je ofishin JAMB ko cibiyar jarrabawa da ta amince da ita, ka tabbatar an ɗora sakamakonka na WAEC ko NECO, kiredit biyar da Turanci da Lissafi a ciki. Gurbin da bai fito a CAPS, manhajar ɗaukar ɗalibai ta JAMB, ba, ba gurbi ba ne, ko wa ya miƙa maka takardar. Na ga waɗanda suka gama karatu tsaf, lokacin bautar ƙasa aka ce JAMB ba ta san da su ba. Ka riƙe lambobin sirrinka a hannunka, kada ka bar wa mai kafen intanet ya karɓi gurbi ko ya ƙi shi a madadinka. Ka gaishe mini da mahaifinka.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. 'Yata mai shekara 17 ta samu gurbin karatun aikin jinya a wata jami'a da ke wani ƙaramin gari, tafiyar awa uku daga nan. Mahaifinta Allah ya yi masa rasuwa. Kawunnanta sun ce ba za a kai yarinya wani gari ba a wannan zamani na sace-sacen mutane, ta haƙura ta yi abin da ke cikin gari. Yarinyar kullum kuka. Ni ma tsoron yana raina, amma ba na so in kashe mata buri. Ka ba ni shawara don Allah.
— Wata uwa daga Funtuwa

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinta, ya raya abin da ya bari. Tsoron kawunnanta yana da tushe, kada ki ɗauke shi ƙiyayya ga karatun yarinya. A watan Satumban 2023 'yan bindiga sun ɗebi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, yawancinsu mata. A farkon Oktoban 2023 aka ɗauke ɗalibai mata biyar a Dutsin-Ma. Duk mai 'ya mace ya ji wannan a jikinsa. Amma ki lura da abu ɗaya: duka biyun a gidajen haya na wajen makaranta aka yi su. Saboda haka tambayar da za ki fara nema wa amsa ita ce, a ina za ta riƙa kwana?

Ki sa ƙarfinki duka wajen samun gado a ɗakin kwanan ɗalibai na cikin makaranta. Gadajen ba sa isa, amma makarantu da yawa kan fifita sababbin shiga da 'yan ajin ƙarshe, kuma wanda ya riga biyan kuɗin rajista shi ke riga samu. Wani wuri cikin kwana ɗaya ko biyu da buɗe shafin ake cinye su. Kada ki jira sai an fara lakca. In gadon bai samu ba dole sai haya, to a nemi ɗaki a tsakiyar gari, cikin mutane, a gidan da mai shi ke zaune da iyalinsa. A guji sababbin gidajen da ake ginawa a bakin daji don ɗalibai kawai, komai kyan tayil da arhar kuɗinsu. A kai ta a gabatar wa mai unguwa. In kuna da dangi ko abokin arzikin marigayi a garin, a damƙa masa amanarta, ta san tana da gidan zuwa ranar Juma'a da ranar ciwo.

Ga yadda nake ganin za ki shawo kan kawunnan. Ki roƙi babbansu ya raka ku, ya ga katangar da idonsa, ya ga masu gadi, ya zauna da matar da ke kula da ɗakin kwanan, ya ji ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ya tambayi direbobin tasha halin hanyar. Gani ya kori ji. Mutumin da aka sa a gaba a sha'ani yakan koma mai tsaron sha'anin. A wannan zuwan ku tambaya ko majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ta amince da sashen, ban da shaidar NUC, don da lasisin wannan majalisa za ta yi aiki.

A ƙaramar jami'a yarinya ba ta ɓacewa cikin taro, kuma wannan kariya ce. In ba ta kwana a ɗaki ba, kafin gari ya waye an sani. In ta daina zuwa masallaci ko karatun da 'yan uwa mata na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ke yi, za a zo a duba ta. Amma akwai abin da katanga ba ta tarewa, kuma gara in faɗe shi a fili. A ko'ina ana samun malami ko ma'aikaci mara tsoron Allah da ke amfani da maki yana matsa wa 'yan mata. Ki gaya mata tun daga gida: kada ta je ofishin kowa ita kaɗai bayan an tashi, ta tafi da ƙawa. In an turo mata saƙon banza kada ta goge. Ta san ofishin shugaban sashe da na kula da harkokin ɗalibai, ta kuma nemi wata malama mace ta saba da ita tun zangon farko. Mafi girma duka, ta tabbata in ta kawo miki irin wannan magana ba za ki ce ita ta jawo ba, ba kuma za a ce ta dawo gida ke nan. Yaran da na ga abin ya cinye su, mafi yawansu tsoron a cire su daga makaranta ne ya rufe musu baki.

Tafiya da rana kawai, motar tasha, ba ta bakin hanya ba, ko da ta fi arha. Kayan tafiya kuwa kin fi ni sani, amma kada a manta gidan sauro, fitila mai caji, bokiti biyu da jarka, don ruwa kan yi wuya da bazara har sai an sayi na 'yan ga-ruwa. A haɗa mata shinkafa da wake da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, a tambaya ko risho aka yarda da shi ko ƙaramin gas. Makon farko ta je asibitin makaranta ta buɗe kati tun tana lafiya.

In an samu gado a ciki, hanyar kuma masu bin ta kullum sun ce da dama, ra'ayina ki bar ta ta tafi. In kuwa ba gado, ba dangi, hayar da ta rage ta bakin daji ce a yankin da ake ɗauke mutane, to kawunnanta sun fi gaskiya a bana, a nemi canjin makaranta. Karatun dai kada a ajiye shi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan Tudun Wadar Kaduna ne, ina aji biyu a wata ƙaramar jami'a. Wallahi na gaji. Garin da an yi isha'i ya mutu. Ba wurin zuwa, ba abin yi. In ka yi atishawa a hostel, kafin ka kai aji an ce mura kake. Ga shi mun samu saɓani da wani malami, kuma shi zai sake ɗaukar mu kwas biyu. Jipina, wato matsakaicin makina, 2.9. Ina so in nemi canji zuwa babbar jami'a. Zai yiwu?
— Ɗalibi mai neman mafita

AMSA: Ɗana, canji yana yiwuwa a takarda, amma da wuya. Sai jami'ar da kake ta sake ka, wadda za ka ta ce tana da gurbi a wannan sashe, kuma masu karɓa sukan nemi maki mai ƙarfi. Sau da yawa ma a mayar da mutum baya da aji ɗaya. Da 2.9 ba na so ka ɗora ranka a kai.

Maganar malamin ita ce ta fi damuna a wasiƙarka, kuma nan ne ainihin raunin ƙaramin sashe. Inda malamai ba su da yawa, wanda kuka saɓa da shi za ku sake haɗuwa, wataƙila ma shi zai duba furojet ɗinka. Kada ka bar abin ya kwana. In kai ka yi rashin kunya, ka nemi wani dattijo a sashen ko limamin makaranta ya raka ka ka ba da haƙuri, ba abin da zai ragu a jikinka. In kuwa zaluntarka aka yi, ka fara da kodinetan ajinku, daga nan shugaban sashe, a rubuce, cikin ladabi, ka ajiye kwafi. Ka riƙa sa hannu a takardar halarta kullum, don yawancin jami'o'i sai da halartar kashi 75 cikin 100 ake barin ɗalibi ya zauna jarrabawa, kada ka ba kowa hujja. Ka adana takardun gwajinka. In sakamako ya fito ba ka yarda da shi ba, akwai ƙa'idar neman a sake duba takarda, tana cikin littafin da aka raba muku ranar rantsuwar shiga. Ka nemo shi ka karanta.

Shirun garin da kake kuka da shi kuwa, ni da shi zan sa ka yi aiki. Digiri mai daraja ta biyu babba daga 3.50 yake farawa, ta ɗaya daga 4.50. Daga 2.9 a aji biyu, 3.50 tana kamuwa in ka tashi tsaye yanzu, don darussan da suka rage sun fi waɗanda suka wuce. A aji huɗu kam lissafin ya riga ya daskare. Ku haɗu ku huɗu ko biyar bayan isha'i, kowa ya ɗauki darasin da ya fi ganewa ya koyar da sauran. Malaman da ke zaune a gidajen makaranta su ma garin ya yi musu shiru, da yawansu za su ji daɗi ɗalibi ya tare su da tambaya mai ma'ana bayan la'asar. A Kaduna wa zai ba ka wannan lokaci?

Sannan ka fita daga katangar. Ka ci kasuwar garin ranar da take ci, ka zauna teburin mai shayi, ka gai da dattawa, ka je jana'iza in an yi rashi a unguwar da kake. Yaran birni sukan zo da raini, mutanen gari kuma suna gani, su yi shiru. Wanda ya girmama su kuwa, ranar da kuɗinsa suka yanke shi ake ba bashin shinkafa ba a rubuta ba. Rashin shaguna da ya dame ka ma kasuwa ce a buɗe. Na san ɗaliban da suka riƙe kansu da aski, da gyaran waya, da cajin waya da sola, da buga takardu, da ɗinki. Ka duba abin da ake hawa mota a je nema, ka kawo shi kusa.

Tsegumi gaskiya ne, yana da ciwo, ba ni da maganinsa sai kame baki da zaɓen abokin sirri ɗaya. Amma wannan matsin ne ke sa ɗan Kaduna ya kwana ɗaki ɗaya da Bakanuri da Tibi da Bayarabe, su ci a kwano ɗaya, su buga ƙwallo tare da yamma. A babbar jami'a kowa kan nemi 'yan garinsu ya lafe a cikinsu har ya gama. Ka ba wurin zango ɗaya da wannan niyya, sannan ka sake rubuto mini.

TAMBAYA: Malam, yarona ya yi JAMB sau uku bai samu ba. Wani ya kawo mini hanyar wata jami'a a Kwatano ta Jamhuriyar Benin, ya ce ba JAMB, cikin shekara biyu an gama, har bautar ƙasa zai yi. Kuɗin ba su fi ƙarfina ba. In biya?
— Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Kano

AMSA: Alhaji, kada ka biya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya zauna aji ba, kuma a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Wannan ƙura ta shafi har yaran da suka yi karatun gaskiya a can. Duk wanda ya yi maka alkawarin digirin shekara huɗu a shekara biyu ga yaron da sakandare kawai ya gama, takarda yake sayar maka, kuma ranar da aka bincika yaron ne zai ji kunya, dillalin ya daɗe da canza lamba.

Akwai hanyoyi na halal. Ya yi IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda ABU ke kula da ita, in ya ci ya shiga aji biyu kai tsaye. Ko ya yi difloma ko NCE ya bi ta wannan ƙofar. In kuma aljihunka zai ɗauki jami'a mai zaman kanta, akwai su a nan gida, ba sa shiga yajin aikin ASUU, amma ka ga sunanta a jerin NUC da idonka, ka kuma tabbatar gurbin ta JAMB ya biyo. Kafin duk wannan, ka zaunar da shi ka ji kwas ɗin da yake sakawa sau ukun nan. Sau da yawa yaro likitanci yake ta bugawa da makin da zai ba shi wani kwas mai kyau tun shekarar farko.

TAMBAYA: Malam, na samu gurbi amma kuɗin rajista sun fi ƙarfin gidanmu. Ana maganar bashin karatu na gwamnati. Gaskiya ne? Kuma akwai kuɗin ruwa a ciki?
— Wata ɗaliba daga Potiskum

AMSA: 'Yata, gaskiya ne. Asusun ana kiransa NELFUND, an sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024, kuma na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha. Babu kuɗin ruwa a ciki, abin da aka ranta miki shi za ki mayar. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, na kashewa kuma, naira 20,000 a wata lokacin da aka fara, a asusunki na banki. Biya yana farawa shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Bashi ne dai, ki shiga da niyyar biya, ki kuma sanar da iyayenki kafin ki cike.

Ki tanadi lambar JAMB, da NIN, da BVN, da takardar shaidar samun gurbi, kuma sunanki ya zo iri ɗaya a dukkansu, don saɓanin harafi ɗaya kan tsayar da nema. Ba a biyan ko kwabo wajen cikewa, duk wanda ya ce ki kawo wani abu zai sa a amince miki, ɓarawo ne. Kuɗin ba lallai su iso kafin a rufe rajista ba, saboda haka ki je ofishin kula da harkokin ɗalibai tun yanzu ki gaya musu kin nema, ki ji ko suna ɗaga wa irinku ƙafa. Ki kuma leƙa hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Yobe a Damaturu ki ji yaushe za su buɗe nasu.